Regensburg: Tarihin Birnin Gada da Gishiri a Bakin Danube

Birnin Regensburg yana gabashin jihar Bavariya a kudancin Jamus, daidai inda kogin Danube ya kai iyakar tafiyarsa ta arewa, ya karya kwana ya nufi kudu maso gabas. Ƙananan koguna biyu, Naab da Regen, suna zuba ruwansu cikin Danube a wannan yanki, kuma daga na biyun ne birnin ya samo sunansa. Mazaunansa sun haura 150,000, shi ne na huɗu a girma a Bavariya bayan Munik da Nurembag da Augsburg. Tarihinsa ya rataya ne a kan kogin: ruwa ya kawo sojoji, ya kawo fatake da dukiya, da hanyoyin fatauci suka kauce kuma birnin ya talauce. Wannan talauci shi ya hana a rushe tsoffin gine-gine a yi sababbi, har suka kai ga zamanin yau kusan yadda magina suka bar su.

Sansanin Rumawa

A zamanin daular Rum, Danube shi ne iyakar arewa ta daular a wannan shiyya. Kudancin kogin ƙasar Rum ce, arewacinsa kuwa ƙasar ƙabilun Jamusawa. Bayan yaƙe-yaƙen da aka yi da ƙabilar Markomani, Sarki Marcus Aurelius ya sa aka gina babban sansanin soja daura da bakin kogin Regen, aka kammala shi a shekara ta 179. Rumawa suka kira shi Castra Regina, wato sansanin bakin Regen. Tsawonsa ya kai mita 540, faɗinsa mita 450, an kewaye shi da ganuwar manyan duwatsu, kuma runduna guda ta dakaru kusan 6,000 ke zaune a ciki. Dutsen da aka rubuta labarin ginin a kansa yana gidan tarihin birnin har yanzu, don haka Regensburg na cikin tsirarun biranen Jamus da suka san shekarar kafuwarsu a rubuce.

Inda soja ya zauna, kasuwa takan biyo shi. Maƙera da majema da masu sayar da abinci da iyalan dakaru suka yi unguwa a gefen ganuwar. Da daular ta raunana a ƙarni na 5 sojoji suka watse, amma ganuwar ta tsaya, mutane suka koma cikinta don tsaro. Wani ɓangare na ƙofar arewa, Porta Praetoria, yana nan a jikin wani gini na baya, kuma masu tafiya a ƙasa suna wucewa ta gabansa kullum.

Fadar sarakuna da mazaunin bishop

Daga ƙarni na 6 sarakunan Bavariya na gidan Agilolfing suka mai da tsohon sansanin fadarsu, Regensburg ya zama babban birnin Bavariya na farko. A shekara ta 739 Boniface, mai wa'azin Kirista da ya fito daga Ingila, ya tsara shi a matsayin mazaunin bishop. A 788 Sarki Sharlaman ya tuɓe Tassilo na Uku, na ƙarshe a gidan Agilolfing, ya haɗe Bavariya da daularsa, jikokinsa kuma suka riƙa zama a birnin suna yin majalisa. Gidan ibada na Emmeram ya shahara da rubutu da kwafar littattafai. A 975 Bishop Wolfgang ya kafa makarantar babbar majami'a, wadda ƙungiyar yara mawaƙa ta Domspatzen ta fito daga cikinta, tana nan tana aiki bayan shekara fiye da dubu.

Gadar dutse da zamanin fatake

Abin da ya ɗaga Regensburg sama da maƙwabtansa shi ne gada. Tsakanin 1135 da 1146 aka gina gadar dutse a kan Danube, mai bakuna 16 da tsawon da ya haura mita 300. A wancan lokaci aiki ne da ba a saba ganin irinsa ba a arewacin tsaunukan Alps. Magina sukan killace wuri a cikin kogi, su kwashe ruwan, su kafa ginshiƙi, sa'an nan su kewaye gindinsa da tsibirin duwatsu mai tsini don ya tsaga ruwa da ƙanƙarar hunturu. Ɗaruruwan shekaru ita kaɗai ce gadar birnin, kuma babu wata mashiga mai ƙarfi irinta a dogon zango na kogin, saboda haka duk ayarin da ke son ƙetarewa tsakanin kudu da arewa sai ya biyo ta nan. Rundunar yaƙin 'yan Salibiyya na biyu ta bi ta birnin a 1147, kuma daga nan ne Sarki Frederick Barbarossa ya tashi da dakarunsa a 1189 zuwa yaƙi na uku.

Mutanen gari suna da tatsuniya a kan ginin. Wai maginin gada ya yi gasa da maginin majami'a a kan wanda zai riga gamawa, ya nemi taimakon Shaiɗan bisa sharaɗin zai ba shi rayuka uku na farko da suka taka gadar. Ranar buɗewa sai ya kora zakara da kaza da kare suka fara hayewa. Shaiɗan ya fusata ya yi yunƙurin karya gadar, bai iya ba, sai dai ya bar mata doro a tsakiya. Tatsuniya ce kawai, domin an gama gadar fiye da shekara ɗari kafin a fara majami'ar da ke tsaye yanzu.

Da gada da kogi a hannu, fataken Regensburg suka kai ko'ina. Ta kudu suna ƙetare tsaunuka zuwa Venis, inda suke da matsayi na gaba a masaukin fataken Jamus, suna sayo barkono da sauran kayan yaji da alharini da auduga, waɗanda yawancinsu daga kasuwannin Musulmi na gabas suka fito. Ta gabas suna bin kogi zuwa Hangari, suna kaiwa har Kiyef, suna dawowa da fatun dabbobi masu gashi da kakin zuma da ƙarafa. Ta yamma suna sayo yadin ulu daga Flanders da kasuwannin Faransa. Littafin lissafin gidan Runtinger, wanda ya ƙunshi cinikinsu daga 1383 zuwa 1407, ya tsira, kuma masana tarihi suna ɗaukarsa cikin muhimman takardun kasuwanci na Jamus ta wancan zamani.

Attajiran suka kwaikwayi abin da suka gani a biranen Italiya, suka riƙa gina dogayen hasumiyoyi a gidajensu. Ba don yaƙi aka yi su ba, yawancin benayen sama ma babu mai kwana a ciki. Tsawon hasumiya shi ke faɗin nauyin aljihun maigida. An gina kusan 60, kimanin 20 sun rage, mafi tsawo ita ce Hasumiyar Zinariya mai kusan mita 50. A 1245 Sarki Frederick na Biyu ya ba birnin 'yancin zaɓen magajin gari da majalisarsa. Daga nan Regensburg ya zama 'yantaccen birni, ba ya ƙarƙashin sarkin Bavariya ko bishop, sai babban sarkin Daular Rum Mai Tsarki kaɗai. Bayan wata gobara a 1273 aka fara sabuwar babbar majami'a ta Bitrus da kuɗin wannan zamani na yalwa.

Cinikin gishiri

Kayan yaji da alharini na masu hali ne, gishiri kuwa kowane gida na bukatarsa, domin da shi ake adana nama da kifi da kabeji don dogon hunturu. Yankin Regensburg da ƙasar Bohemiya da ke arewa maso gabas ba su da gishirin kansu. Daga Reichenhall da Hallein da Berchtesgaden, a gindin tsaunuka, ake samo shi. A can ake dafa ruwan gishiri a manyan kasake har ya ƙafe, a ɗura a ganguna, a sauko da shi ta kogunan Salzach da Inn zuwa Passau. Daga Passau aiki ke tsananta, domin dole a hau Danube ana fuskantar ruwa. Sai a ɗaure jirage da yawa a jere, dawakai masu yawa su riƙa jan su da igiya daga gaɓa, tafiyar da kan ɗauki kwanaki masu yawa.

Gadar da kanta ta zama shinge mai kawo riba. Tsibiran da ke gindin ginshiƙai sun matse hanyar ruwa, suka haifar da igiya mai ƙarfi da juyi a ƙarƙashin bakuna, jirgi mai nauyi ba ya haurawa sai da na'urar ja. Don haka akan sauke kaya a gaɓa, a auna, a biya kuɗin fito, a ajiye a sito, kafin a ɗora wa kekunan dawaki ko ƙananan jiragen da ke bin Naab da Vils zuwa Amberg. 'Yan dako da masu awo da dillalai da masu masauki duk a nan suke ci. Tsakanin 1616 da 1620 birnin ya gina babban rumbun gishiri a gindin gadar, mai benaye da yawa a ƙarƙashin dogon rufi, da manyan azarori na katako da za su ɗauki nauyin kayan.

Ribar gishiri ta jawo rigima da maƙwabci. Garin Stadtamhof da ke ɗaya ƙarshen gadar ƙasar Bavariya ce, wato mai ƙetare gada ya fita daga wata ƙasa ya shiga wata. Sarakunan Bavariya suka gina nasu rumbun gishiri a can, suka riƙa neman hanyar wucewa da jiragensu ba tare da biyan birnin ko sisi ba, aka daɗe ana kai ruwa rana. Sai a 1924 aka haɗe Stadtamhof da Regensburg. Kusa da rumbun birnin akwai wani ɗan ƙaramin gidan abinci, Wurstkuchl, wanda ya gāji wurin da ma'aikatan gaɓa ke cin abinci tun ɗaruruwan shekaru, ana kuma lissafa shi cikin tsofaffin gidajen abinci na duniya.

Koma baya

Tun daga ƙarni na 14 ƙasa ta fara zamewa ƙarƙashin ƙafar fataken. Viyana tana da ikon tilasta wa baƙin 'yan kasuwa su sauke kaya su sayar a kasuwarta, abin da ya datse hanyar Hangari. Nurembag da Augsburg, waɗanda suka haɗa fatauci da sana'ar ƙira da saƙa da harkar ba da rance, suka janye ciniki zuwa wajensu. Regensburg kuwa ya dogara ne da saye da sayarwa, bai gina sana'o'in hannu masu ƙarfi ba. Yaƙe-yaƙen mabiya mai wa'azi Hus a Bohemiya a farkon ƙarni na 15 suka lalata wata kasuwar, daga baya kuma hanyoyin teku suka mai da cibiyar kasuwancin Turai gaɓar Atlantika. Bashi ya yi wa birnin katutu har a 1486 ya miƙa wuya ga sarkin Bavariya Albrecht na Huɗu, sai a 1492 babban sarki ya tilasta aka mai da shi 'yantaccen birni. Aikin majami'a ya tsaya wajen 1520, hasumiyoyinta biyu suka zauna guntaye fiye da shekara 300.

A cikin wannan ƙunci aka huce haushi a kan Yahudawan birnin, waɗanda al'ummarsu na cikin mafi daɗewa a Jamus, take kuma ƙarƙashin kariyar babban sarki. Da Sarki Maximilian na Ɗaya ya rasu a Janairun 1519, kafin a naɗa magajinsa, majalisar gari ta kori Yahudawa kusan 500 a watan Fabrairu, ta rushe unguwarsu da wurin ibadarsu, aka tone maƙabartarsu aka yi gini da duwatsun kaburbura. Mai zane Albrecht Altdorfer, ɗan majalisar, ya zana cikin wurin ibadar dab da rushe shi. A filin aka gina coci, wadda ta zama ta farko ta 'yan Furotesta lokacin da birnin ya karɓi koyarwar Luther a 1542. Haƙar da aka yi a filin daga 1995 ta tono ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na tsohuwar unguwar da tulin tsabar zinariya fiye da 600.

Majalisar da ba ta tashi ba

Da fatauci ya tafi, siyasa ta riƙe birnin. Sarakunan Daular Rum Mai Tsarki sun saba kiran taron daula a Regensburg, saboda daga Viyana ana isa ta kogi, kuma birnin na da coci-coci na Katolika da na Furotesta. A lokacin irin wannan taro ne a 1630 masanin taurari Johannes Kepler ya zo neman bashin albashinsa, ya kwanta ciwo ya rasu a watan Nuwamba. A yaƙin da ake kira Yaƙin Shekara Talatin dakarun ɓangaren Suwidin suka kama birnin a 1633, na babban sarki suka ƙwato shi a 1634.

A 1663 Sarki Leopold na Ɗaya ya kira taro don neman kuɗi da dakaru saboda barazanar Turkawan daular Usmaniyya. Batutuwan da aka buɗe suka ƙi ƙarewa, taron bai watse ba har 1806, shekara 143. Majalisa uku ce a ciki: ta manyan sarakuna masu zaɓen sarki, ta sauran sarakuna da manyan limamai, da ta 'yantattun birane. Sarakunan suka daina zuwa da kansu, sai wakilai, ƙasashen waje irin su Faransa ma suka ajiye jakadu. Ana zama ne a zauren tsohon gidan majalisar gari, kuma an san taron da jan ƙafa da gardama kan wa zai zauna gaban wa. Duk da haka ya zama wurin da ɗaruruwan ƙasashen daular ke sasanta rikici da baki maimakon takobi.

Birnin bai yi arziki da baƙin ba, domin jakadu ba sa biyan haraji ko kuɗin fito a kan kayansu. Masu ba da haya da masu dafa abinci da teloli ne suka ɗan samu. Jakadun sun zauna a tsoffin gidajen fatake, suka yi musu kwaskwarima, ba su rushe su ba. A 1748 gidan Thurn und Taxis, masu riƙe da harkar gidan waya ta daular, suka tare a birnin bayan an naɗa shugabansu wakilin babban sarki a majalisar. A 1812 aka ba su gine-ginen gidan ibada na Emmeram, suka mai da shi fada, zuriyarsu na zaune a ciki har yau.

Ƙarƙashin Bavariya

Guguwar Napoliyon ta kawo ƙarshen wannan tsari. A 1803 majalisar ta zartar da dokar da ta soke mulkin yawancin limamai da 'yantattun birane, Regensburg kansa ya rasa 'yancinsa, aka ba da shi ga Babban Bishop Carl von Dalberg. A watan Agustan 1806 Sarki Francis na Biyu ya ajiye rawanin daula, jakadu suka kwashe kayansu. A ranar 23 ga Afrilu 1809 dakarun Faransa suka fatattaki na Ostiriya daga birnin, gidaje da yawa suka ƙone a kudu maso gabas da Stadtamhof, Napoliyon kansa ya ji rauni a ƙafa. A 1810 aka haɗe Regensburg da masarautar Bavariya, ya koma hedikwatar lardi mai barci.

Sarki Ludwig na Ɗaya na Bavariya ya so tsofaffin abubuwa. Tsakanin 1830 da 1842 ya sa magini Leo von Klenze ya gina Walhalla a kan tudu kusa da Donaustauf, kimanin kilomita 10 gabas da birnin, zauren tunawa da mashahuran masu jin Jamusanci, bisa fasalin haikalin Girkawa. Da taimakon kuɗinsa aka ƙarasa hasumiyoyin majami'a tsakanin 1859 da 1869, suka kai mita 105. Jirgin ƙasa ya iso a 1859, aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a 1910, amma manyan masana'antu sun fi karkata zuwa Nurembag da Augsburg da Munik.

Yaƙi da farfaɗowa

A zamanin Nazi aka ƙone wurin ibadar Yahudawa a Nuwamban 1938, daga baya aka kwashe waɗanda suka rage zuwa sansanonin mutuwa. Masana'antar jiragen yaƙi ta Messerschmitt da ke yammacin gari ta sha ruwan bama-baman Amurka a ranar 17 ga Agusta 1943, aka kuma kai wa tashar jirgin ƙasa da ta ruwa hari, amma tsakiyar tsohon gari ta tsira, ban da 'yan gine-gine irin su cocin Obermünster. A Afrilun 1945 sojojin Jamus masu ja da baya suka fasa wani sashe na gadar dutse. Limamin majami'a Johann Maier, wanda ya yi magana a taron masu neman a miƙa gari ba tare da faɗa ba, aka rataye shi a ranar 24 ga watan. Bayan kwana uku dakarun Amurka suka shiga ba tare da turjiya ba.

Bayan yaƙi tsohon gari ya cika da 'yan gudun hijira, gidaje sun tsufa, da yawa babu banɗaki na zamani. An tsara fasa manyan tituna ta cikinsa, amma ƙarancin kuɗi da adawar mazauna suka taka wa yawancin shirin birki, aka koma gyaran gida bayan gida. Jami'ar da aka kafa a 1962, ta fara karatu a 1967, ta kawo matasa da sabon jini. Joseph Ratzinger ya koyar a cikinta daga 1969 zuwa 1977, kuma a nan ne, bayan ya zama Fafaroma Benedict na 16, ya gabatar da laccar Satumban 2006 da ta jawo fushin Musulmi a ƙasashe da dama. Kamfanin BMW ya buɗe masana'anta a 1986, mashigin ruwa da ya haɗa kogin Main da Danube ya buɗe a 1992, jiragen 'yan yawon buɗe ido suka fara tsayawa a gaɓar da a da ake sauke gishiri. A 2006 hukumar UNESCO ta sa tsohon gari da Stadtamhof, masu gine-ginen tarihi kusan 1,000, cikin kayan gadon duniya, a 2021 kuma ta ƙara ragowar sansanin Rumawa a cikin jerin iyakar Danube.

Birnin a idon baƙo

Wannan tarihi ne ya sa ziyarar Regensburg ba ta cin kuɗi da yawa. Garin da aka gina don masu tafiya a ƙasa da kekunan dawaki ana zaga shi da ƙafa, kuma yawancin abin kallo a titi yake. Gadar dutse, wadda aka hana motoci hawa aka kuma gyara tsakanin 2010 da 2018, kyauta ake ƙetare ta. Ba a biyan kuɗin shiga babbar majami'a, haka nan cibiyar baƙi da ke cikin tsohon rumbun gishiri. Zauren majalisar daula da fadar Thurn und Taxis da Walhalla su ne ke bukatar tikiti. Daga Munik tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa, daga Nurembag kusan awa ɗaya, kuma tikitin yini na Bavariya, wanda mutum biyar za su iya haɗuwa a kansa, yana aiki a jiragen yanki da motocin safa. Kasancewar ɗalibai da yawa ya sa ana samun masauki da abinci masu sauƙin kuɗi, har da shagunan Turkawa da Larabawa masu sayar da halal, abin da ke da amfani ga baƙo Musulmi, tunda naman da aka san Wurstkuchl da shi na alade ne. Cunkoso ya fi yawa a tsakiyar bazara da lokacin kasuwannin Kirsimeti na Disamba, watannin Afrilu da Oktoba kuwa cunkoso kan ragu, kuɗin masauki ma kan sauka.